Daga Detroit zuwa Dakoro: Abin da ya kamata matashi ya sani kafin ya ƙara wa tsohuwar mota ƙarfi

Duk wanda ya tsaya a tashar motar Dakoro ranar kasuwa zai ga motocin da suka girmi direbobinsu. Tsofaffin Land Cruiser da Hilux ne suka fi yawa, sai 'yan ragowar Peugeot 504, wadda kowa ya fi sani da Fijo. Suna shigowa daga Kornaka da Sakabal da Bermo ɗauke da buhunan hatsi da awaki da fasinjoji har bisa kaya, bayan sun yi sa'o'i suna kokawa da rairayi.

A gefen tashar kuwa, matasa na kallon wata irin mota a wayoyinsu. Bidiyo ne daga Amurka ko Dubai: motoci biyu sun jera, tayoyin baya na tayar da hayaƙi, fitila ta nuna kore, kafin a ƙifta ido sun ɓace. Galibinsu tsofaffin motoci ne na shekarun 1960 da 1970 da aka sake wa injin fasali.

Daga nan tambayar ke tasowa, kuma tana yawan zuwa daga 'yan uwa mazauna Aljeriya, Libiya, Saudiyya ko Turai da ke turo kuɗi gida: tsohuwar motar Baba da ke ajiye a garka, ba za a iya yi mata irin wannan aiki ba? Amsar ita ce za a iya. Sai dai tsakanin sha'awa da aikin akwai lissafi, akwai kuɗi, akwai kuma rai.

Wane irin tsere ne wannan?

Turawa na kiransa dirag. Tseren miƙaƙƙiyar hanya ne, babu kwana babu zagaye. Motoci biyu ke tashi daga tsaye a lokaci ɗaya, wadda ta riga kai ƙarshe ta yi nasara, kamar dai yadda mahaya biyu kan saki linzami a filin sukuwa. Tsawon filin rubu'in mil ne, wato mita 402.

Wasan ya samo asali ne daga matasan jihar Kalifoniya da ke tsere a kan titunan gari da busassun tafkuna bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Da haɗurra suka yi yawa, sai aka fara nema musu wuri. A 1950 aka buɗe fili a wani filin jirgin sama da ke Santa Ana, sannan a 1951 wani ɗan jarida mai rubutu kan motoci, Wally Parks, ya kafa ƙungiyar NHRA, wadda har yau ita ke tsara dokokin wasan a Amurka. Babban burinta tun farko shi ne ta kwashe matasa daga kan titi zuwa fili mai ƙa'ida.

A yau motocin da suka fi kowa gudu a wannan wasa, waɗanda ake kira Top Fuel, suna da ƙarfin doki wajen 11,000. Suna cinye mita 305 cikin ƙasa da sakan huɗu, da gudun da ya haura kilomita 530 a sa'a. An rage musu tsawon filin ne daga mita 402 zuwa 305 a 2008, bayan direba Scott Kalitta ya rasu a wani haɗari a jihar New Jersey a watan Yunin shekarar.

Motoci masu ƙwanji

Motocin da ake gani a waɗancan bidiyoyi suna da nasu tarihin. A 1964 kamfanin Pontiac ya ɗauki babban injin mai silinda takwas ya saka a matsakaiciyar mota, ya sa mata suna GTO. Matasa suka yi rububinta, sauran kamfanonin Detroit suka bi sahu. Ford na da Mustang, Dodge na da Charger, Chevrolet na da Chevelle da Camaro. Amurkawa suka yi musu laƙabi da motoci masu ƙwanji.

Injin Hemi 426 na kamfanin Chrysler lita bakwai ne, an rubuta masa ƙarfin doki 425. Chevelle SS 454 ta 1970 kuwa lita 7.4 ce, mafi ƙarfinta na da doki 450, tana kai ƙarshen mita 402 cikin sakan 13 da 'yan kai. Ma'aunin wancan zamani ya fi na yanzu kumbura lamba, domin ana auna injin ne ba tare da kayan da ke cin ƙarfinsa a cikin mota ba, amma duk da haka ƙarfin ba na wasa ba ne.

Zamanin bai daɗe ba. Dokar tsaftar iska ta 1970, da tsadar inshora, da tashin farashin mai na 1973 suka taru suka karya kasuwar. Motocin da suka rage su ne yanzu masu sha'awa ke saye da tsada suna gyarawa. Kamfanonin sun dawo da salon daga baya: a 2023 Dodge ta fitar da Challenger Demon 170 mai ƙarfin doki 1,025, wadda ta yi mita 402 cikin sakan 8.91.

Tamu mai ƙwanjin

A ƙasar Hausa ba a san Charger ko Chevelle a kan hanya ba. Motar da ta riƙe wannan matsayi a zukatan mutane ita ce Peugeot 504. An fito da ita a Faransa a 1968, ta ci kyautar motar shekara ta Turai a 1969. A 1975 aka buɗe masana'antar PAN a Kaduna, aka ci gaba da harhaɗa ta a can har tsakiyar shekarun 2000, shekaru sama da 20 bayan an daina ƙera salun ɗinta a Faransa. Gwamna ya shige ta, direban tasha ya ci abinci da ita, ɗan kasuwar Maraɗi ya yi safara da ita zuwa Katsina da Kano.

Ita ma tana da tarihin tsere, amma na daji. A 1975 Ove Andersson ya ci gasar Safari ta Kenya da 504, Hannu Mikkola kuma ya ci ta Maroko da ita a shekarar. A 1978 Jean-Pierre Nicolas ya ci Safari da kuma gasar Bandama ta Kodebuwa da samfurinta mai ƙofa biyu da silinda shida.

Nijar kanta ta sha ganin manyan motocin tsere. Daga 1979 gasar Paris-Dakar ta riƙa ratsa Agadez da Yamai, a wasu shekarun har da Dirku da Tawa. Peugeot ta lashe ta sau huɗu a jere daga 1987 zuwa 1990. Wanda ya ƙirƙiro gasar, Thierry Sabine, ya rasu a haɗarin jirgi mai saukar ungulu a Mali ranar 14 ga Janairun 1986, kuma a hamadar Tenere aka watsa tokarsa. Matsalar tsaro ce ta raba gasar da yankin: a 2000 an kwashe 'yan tseren ta jirgin sama daga Yamai zuwa Libiya, a 2008 aka soke ta, daga 2009 ta koma Kudancin Amurka, daga 2020 kuma Saudiyya.

Abin lura a nan shi ne, 504 ta yi suna ne da juriya. Injinta na fetur da aka fi sani cc 1,971 ne, silinda huɗu, ƙarfinsa bai kai doki 100 ba idan mai kafireta ne. Nauyin motar ya ɗan haura kilo 1,200. Da wannan ƙarfi da wannan nauyi, za ta ɗauki wajen sakan 18 kafin ta kai ƙarshen mita 402. Daga nan duk mai son gyara zai fara ƙirga.

Injin numfashi yake yi

Kafin a taɓa sifana, yana da kyau a fahimci abin da ake nema. Injin mota na zuƙar iska da mai, ya matse su a cikin silinda, fulogi (wanda makanikan Nijar ke kira buji) ya kunna musu wuta, fashewar ta tura fistin ƙasa, sannan hayaƙi ya fita ta salansa. Domin fetur ya ƙone tsaf, kowane kilo ɗaya na buƙatar iska kilo 14.7. Idan ana neman ƙarfi mafi yawa akan ɗan ƙara mai, ma'aunin ya koma wajen 12.5 zuwa 13.

Ma'ana, ƙara mai abu ne mai sauƙi, ƙara iska ne aiki. Wanda ya buɗe kafireta ya tuttula mai ba tare da iska ta ƙaru ba, abin da zai samu shi ne baƙin hayaƙi da fulogi mai dauɗa da aljihu da ya huje. Duk wata dabarar ƙara wa injin ƙarfi, daga Detroit har Dakoro, tana komawa ga abu uku: a shigar da iska mai yawa, a matse ta sosai, a fitar da hayaƙi da sauri.

Daga ina ake farawa?

Ana farawa ne da dawo da dawakin da suka ɓace. Injin da ya shekara 30 ko 40 yana aiki ya riga ya zubar da wani kaso na ƙarfinsa ta ringi da suka cinye da bawul da ba sa rufuwa da kyau. Makanike mai hankali zai fara auna matsin kowace silinda. Idan bambancin da ke tsakaninsu ya wuce kashi 10 cikin 100, akwai aiki a ciki. Injin 504 na da wata falala a nan: silindodinsa hannun riga ne da ake zarewa, don haka ana iya sauya su tare da fistin da ringi ba tare da an kai gangar injin wurin masu yankan ƙarfe ba. Sau da yawa wannan gyara kaɗai kan sa mai mota ya ji kamar an sauya masa ita.

Wasu na ɗauka faɗaɗa silinda ne sirrin. Faɗin silindar 504 milimita 88 ne. Ko da an ƙara milimita ɗaya cur, girman injin zai ƙaru ne da cc 45 kacal, wato kashi biyu da ɗan wani abu cikin 100. Doki biyu ke nan.

Inda riba take shi ne kan injin, wanda makanikan Najeriya ke kira tof. A nan hanyoyin shigar iska da fitar hayaƙi suke. Ana goge su a daidaita su, a zaunar da bawul da kyau. Ana kuma iya kankare fuskar kan injin kaɗan domin matsi ya ƙaru. Matsin 504 na asali yana tsakanin ninki takwas zuwa tara, kuma ƙara shi na ƙara ƙarfi, amma yana da sharaɗin da za mu zo kansa, wato ingancin mai.

Bayan haka sai kafireta. Ta asali galibi Solex ce. Masu tsere a Turai kan sauya ta da Weber guda biyu masu maƙogwaro bibbiyu, ta yadda kowace silinda ke da tata hanyar iska. Sai kamshaf, sandar da ke buɗe bawul da rufe su. Ta tsere na barin bawul a buɗe na tsawon lokaci, abin da ke ƙara ƙarfi idan injin na juyawa da sauri, amma ya rage shi a ƙaramin gudu. Motar da aka yi wa haka takan yi ta kakkarwa a tsaye, ta riƙa mutuwa a cunkoson kasuwa.

Salansa ma na da nata ilimin. Yanke ta da matasa kan yi yana ƙara ƙara ne kawai, wani lokaci har ya rage ƙarfin tashi. Abin da ke aiki shi ne bututu huɗu masu tsawo ɗaya da ke haɗuwa wuri guda, domin hayaƙin kowace silinda ya taimaka wajen janyo na mai bi mata. Sannan a cire tsohon kontak a saka na'urar wuta ta lantarki, wadda ba ta gocewa idan injin ya ɗau sauri.

Duk waɗannan idan an yi su daidai, an kuma saita su tare, za su iya ƙara wa injin wani kaso mai kyau na ƙarfi, amma ba za su ninka shi ba.

Manyan hanyoyi uku

Mai son ninki sai ya bi ɗaya daga cikin hanyoyi uku. Ta farko ita ce turbo, fankar da hayaƙin salansa ke juyawa domin ta cusa iska cikin injin da ƙarfi. A lissafi, matsin rabin ba na ƙara iska da kusan rabi, kodayake zafi na cinye wani ɓangare. Peugeot da kanta ta bi wannan hanya a 505 Turbo, inda injin lita 2.2 ya ba da doki 150 zuwa sama. Sai dai kamfanin ya gina injin ne tun daga tushe domin ya jure. Wanda ya ɗaura turbo a kan tsohon injin bai rage matsi ba, bai ƙara mai ba, bai sanyaya iskar ba, fistin zai narke masa.

Ta biyu ita ce iskar naitros, kwalbar da fina-finan Fast and Furious suka sa ta yi suna. Idan ta yi zafi ta kai wajen digiri 300 takan saki iskar oksijin, wadda ta kai kashi 36 cikin 100 na nauyinta, alhali a iskar da muke shaƙa kashi 23 ce. Tana ba da ƙarfi nan take na 'yan sakanni. Idan man da ke tafiya da ita ya gaza ko da na ƙiftawar ido ne, injin ya tafi.

Ta uku ita ce sauya injin ɗungurungum. A Amurka an fi amfani da injinan LS masu silinda takwas na kamfanin General Motors, waɗanda suka fara fitowa a 1997. A yankinmu abin da ya fi samuwa shi ne injinan Toyota da Nissan da Mercedes na hannu, waɗanda ake kira 'yan Beljiyam, a kasuwanni irin su Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna. Injin Lexus LS400 na 1989, alal misali, lita huɗu ne mai doki 250. Amma injin ba ya tafiya shi kaɗai. Giyabos da kuloci da farfela da aksil na 504 an ƙera su ne domin doki 100. Duk wanda ya fi rauni a cikinsu shi zai fara karyewa, daga nan na biye da shi.

Zafi, ƙura da man kwalba

Akwai abubuwa uku da mai gyara a Detroit bai damu da su ba kamar na Dakoro.

Na farko zafi ne. A watannin Afrilu da Mayu ma'aunin zafi na haura digiri 40 a jihar Maraɗi. Iska mai zafi ba ta da nauyi: tsakanin digiri 15 da digiri 45 tana rasa kusan kashi 10 cikin 100 na kaurinta, abin da ke nufin oksijin da ke shiga injin ya ragu. Ga shi kuma injin da aka ƙara wa ƙarfi ya fi fitar da zafi. Kafin a sayi kafireta, a fara sayen babban lagireto da fanka mai kyau. Cire tamostat da aka saba yi ba ya ƙara wa lagireto girma.

Na biyu ƙura ce. A bidiyon Amurka za a ga kafireta a buɗe babu matatar iska, domin motar sakan goma za ta yi a kan kwalta mai tsafta. Wanda ya kwaikwayi haka a lokacin hunturu a kan hanyar Bermo, rairayi zai shiga ya goge ringi da silinda kamar ana gurza su da dutse. Mafita ita ce matata mai girma da ake yawan sharewa, da bututun da ke ɗauko iska daga sama kamar na motocin daji.

Na uku shi ne mai. Nijar na da matatar SORAZ a Damagaram tun 2011, amma a garuruwa da ƙauyuka da dama har yanzu ana sayen fetur a kwalba a hannun 'yan ruwa-ruwa, waɗanda a Najeriya ake kira 'yan bumburutu. Ba a san yawan oktan ɗinsa ba, ba a san abin da ya gauraya da shi ba. Injin da aka ƙara wa matsi yana buƙatar mai mai oktan da yawa. Idan bai samu ba, man kan fashe da kansa ba bisa tsari ba, a ji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Wannan ƙarar ita ce sallamar da injin ke yi kafin ya buga. Sannan tun da gwamnatin Najeriya ta cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, arhar fetur da aka saba da ita a bakin iyaka ta zama tarihi, kuma motar tsere ba ta san tattali ba.

Masu motocin gazuwal ma na da tasu jarabawar. Injin 1HZ na Land Cruiser lita 4.2 ne mai doki kusan 130, ya yi suna wajen juriya. Wasu kan buɗe masa famfon mai domin ya ƙara ja. Yakan ƙara ɗin, amma baƙin hayaƙin da ke biyo baya alama ce ta man da bai ƙone ba da zafin da ke cin fistin da kan injin a hankali. Ga direban da ke hawa tudun rairayi da lodi, ƙarfin ja a ƙaramin gudu ya fi masa amfani a kan ƙarfin da ba ya fitowa sai injin na kururuwa. Abin da ke cin tsere a mita 402 sau da yawa shi ne ke lalata motar neman abinci.

Lissafin da ba a nunawa a bidiyo

Masu wannan wasa na da wata ƙa'ida da suka daɗe suna amfani da ita: lokacin da mota ke ɗauka yana bin nauyinta da ƙarfinta ne, amma ba kai-tsaye ba. Domin a rage lokaci da rabi, sai an ninka ƙarfi sau takwas. Motar da ke yin sakan 18, idan ana son ta koma 14, sai ƙarfinta ya ninka fiye da sau biyu, wato 504 mai doki 200 da ɗoriya. Idan sakan tara ake nema irin na Demon, ana maganar doki kusan 800.

Shi ya sa gogaggu ke fara duba nauyi da taya. A ƙiyasinsu, duk kilo 45 da aka cire daga mota na rage kusan kashi ɗaya cikin goma na sakan, kuma cire kujerun baya da tarkacen but ba ya cin ko dala. Taya kuwa ita ce ke isar da ƙarfi ƙasa. Doki 300 a kan tsohuwar tayar Kwatano da ta suɗe hayaƙi kawai za su tayar.

Birki kafin totur

Nisan da mota ke buƙata kafin ta tsaya yana ninkuwa sau huɗu idan gudu ya ninka sau biyu. Motar da ke gudun kilomita 160 a sa'a na buƙatar ninki huɗu na filin da mai gudun 80 ke buƙata. Wasu samfuran salun na 504 na da birkin faifai a ƙafa huɗu, amma wagon da akori-kura birkin ganga ne a baya. Ga tsatsa da ta ci ƙasan motar tsawon shekaru, ga babu jakar iska, wani lokaci ko bel babu.

A filayen NHRA dokar a rubuce take. Motar da ke yin sakan 13.99 ko ƙasa, dole direbanta ya sa hular kwano. Tsohuwar motar da ta kai 11.49 sai an yi mata ƙarfen kariya a bayan kujera, wadda ta kai 9.99 sai cikakken keji, wadda gudunta ya kai mil 150 a sa'a, wato kilomita 241, sai da lemar tsayawa. Akwai motar asibiti da ta kashe gobara a gefe, 'yan kallo kuma na bayan shinge.

Dalilin wannan tsauri a bayyane yake. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa a haɗurran hanya duk shekara, kuma haɗarin hanya ne kan gaba wajen kashe 'yan shekara biyar zuwa 29. Afirka ce ta fi kowane yanki yawan mace-macen idan aka kwatanta da yawan jama'a, kusan mutum 19 cikin kowane 100,000. Hukumar ta kuma ce duk ƙarin kashi ɗaya cikin 100 na matsakaicin gudu na ƙara haɗarin mutuwa da kashi huɗu.

Hanyar da ta haɗa Dakoro da Maraɗi, mai tsawon kimanin kilomita 120, tana da wurare miƙaƙƙu da ke jan hankalin mai sabon injin. Amma hanya ce ta amalanke da 'yan kabu-kabu da yara masu tallan kasuwa, kuma yanki ne na makiyaya inda garken shanu ko raƙuma ke iya tsallakawa a kowane lokaci.

Ina filin yake?

Wannan ita ce tambayar da ta fi ta injin muhimmanci. Sha'awar na nan. A Kano da Kaduna da Abuja matasa sun daɗe suna wasan mota da tsofaffin BMW da Mercedes, musamman lokacin biki da sallah, galibi a kan titin da kowa ke bi.

Ƙasashe sun bi hanyoyi daban-daban da irin wannan. Saudiyya ta tsaurara hukunci a 2016, inda tarar wasan mota a titi ta fara daga riyal 20,000 a karon farko. Bahrain da Abu Dhabi da Katar kuwa sun gina filayen tsere na musamman. A Afirka ta Kudu akwai filin Tarlton kusa da Johannesburg, kuma wasan juya mota da ya taso daga unguwannin Soweto ya zama wasan da hukuma ta amince da shi, ana yi a fili mai shinge.

Gari irin Dakoro ba ya buƙatar kwalta mai tsada kafin ya gwada. Akwai nau'in tseren da ake yi a kan rairayi a Amurka, tsawonsa ƙafa 300, wato mita 91 kacal, kuma a Liwa ta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ana gasar hawa tudun rairayi duk shekara. Gajeren fili na nufin gudun ƙarshe bai kai na kwalta ba. Abin da ake buƙata shi ne fili a wajen gari nesa da gonaki da burtali, da izinin magajin gari da jandarmomi, da shawarar hukumar kiyaye haɗurra ta ANISER, da ma'aikatan lafiya a kusa, da igiya mai raba 'yan kallo da motoci. Jama'ar da ta iya shirya sukuwar dawaki da kokawar gargajiya ta san yadda ake tsare fili.

Ga mai turo kuɗi daga waje

Idan kana Tamanrasset ko Jidda ko Brussels kana shirin turo kuɗi domin a tayar da tsohuwar motar gida, fara da tambayar abin da motar za ta yi. Idan ita ce ke kai hatsi kasuwa ko mara lafiya asibitin Maraɗi, a mayar da injinta yadda kamfani ya yi shi, a gyara birki da lagireto da taya, a tsaya nan. Za ta ƙara shekaru tana ciyar da gida.

Idan kuwa ta wasa ce, a bi tsari: birki da ƙafafu da bel da farko, sannan sanyaya injin, sannan gyaran ciki, sannan numfashi, turbo ko sabon injin a ƙarshe. A sauya abu ɗaya a lokaci ɗaya, a auna da agogo, domin kunne na yaudara. A ware kuɗin abin da zai karye, don wani abu zai karye. Idan an sauya injin, a je a gyara takardun mota domin lambar da ke jiki ta dace da wadda ke rubuce, kada a sha wahala a shingen jami'an tsaro ko a iyakar Ɗan Isa.

A kuma tuna cewa 504 mai lafiya da ba a taɓa yanka ta ba tana ƙara daraja, domin masu tara tsofaffin motoci a Turai na nemanta. Wadda aka farke ƙirjinta aka cusa mata injin da bai dace ba, da wuya ta koma yadda take. Kafin a ɗora mata wuƙa, a zauna da tsohon makaniken da ya san ta tun tana sabuwa, a ji ta bakinsa.